Da me zan wanke injin jirgina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin katako a Yawuri, ina ɗaukar fasinja da buhunan albasa ranar kasuwa. Injina Yamaha ne mai doki 40. Maiƙo ya daskare a jikinsa, ƙasan jirgin kuma ya yi santsi, har yarona ya zame ya bugu. Wasu sun ce in wanke da fetur, wasu sun ce soda, mai shago kuma ya ce in sayi maganin wanke inji na galan. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba.

Malam, fetur dai ka cire shi daga lissafi. Gaskiya ne yana narkar da maiƙo nan take, shi ya sa wasu makanikai ba sa rabuwa da shi. Amma tururinsa ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan jirgi, ƙarƙashin katakon da fasinja ke takawa. Tartsatsin filogi ko guntun taba ya isa ya tayar da wuta, kuma a tsakiyar tafkin Kainji ba inda za a gudu.

Soda ma haka. Jikin injin nan yawancinsa alminiyam ne, sodar yin sabulu kuwa cin alminiyam take yi. Yau ka ga ya yi fes, gobe fenti ya ɗaye, ƙarfen ya fara tsatsa fara kamar gari.

Mai shagon ya fi su gaskiya, sai dai ka zaɓi wanda ake sirkawa da ruwa, ka sa a karanta maka jikin galan a tabbatar ba ya cutar da alminiyam da roba. In bai samu ba, ɗan kananzir a tsumma ya wadatar.

Ka ciro injin ka kai tudu, nesa da gaɓa, ka bari ya huce. Ka ɗaure bakin kabureta da mahaɗar wayoyi da leda. Ka shafa maganin da tsohon buroshin haƙori, lungu-lungu, ka ba shi 'yan mintuna a inuwa don kada ya bushe a jiki, sannan ka ɗauraye a hankali da buta. Ya bushe, ka mayar da giris inda ya wanke. Kada ka tayar da shi a tudu don gwaji: robar da ke jan ruwan sanyaya shi ƙonewa take yi idan ba ruwa.

Ƙasan jirgin ne ya fi damuna. Abin da aka saba shi ne a zuba Omo a cuɗa, a kwashe da ƙwarya a watsa cikin kogi. Kumfa ba ta kashe mai, farfasa shi kawai take yi ya gauraya da ruwa, ya shiga inda kifi ke numfashi. Ruwan nan shi masunta ke ci da shi, shi mata ke ɗiba a gaɓa. Don Allah ka ja jirgin tudu, ka barbaɗa dusar katako ko toka ta tsotse maiƙon, ka share ka zuba a buhu. Bayan nan ne za ka goge da maganin, ruwan dauɗar kuma ka tara a bokiti ka zubar nesa da kogi da rijiya.

Sannan ka binciki inda man ke fitowa, in ba haka ba wata mai zuwa ka sake wannan aikin. In injinka irin wanda ake haɗa masa fetur da man inji ne, to ka riƙa haɗawa a jarka tun a tudu. Ka matsa tiyon mai da yatsa: in ya yi tauri ko ya tsage, ka sauya shi kafin ranar kasuwa.