Ry Cooder ne ya ɗaga Ali Farka, ko sace masa kiɗa ya yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina makaɗin gurmi ne, yana kuma taɓa garaya, yanzu tsufa ya kama shi. Akwai kaset-kaset ɗinsa da aka ɗauka tun shekarun 1980 muna ajiye da su a akwati. Wani mutum ya zo ya ce yana da hanya da wani kamfani a Turai, zai fitar da Baba duniya kamar yadda wani Ba'amurke mai suna Ry Cooder ya fitar da Ali Farka Toure na Mali. Yana son mu ba shi kaset ɗin na asali, Baba kuma ya dangwala yatsa a wata takarda da aka rubuta da Turanci. Abokaina kuwa cewa suka yi shi Cooder ɗin ɓarawo ne, kiɗan Ali ya sace ya ci lambar yabo ta Grammy da shi. Na rasa wadda zan kama. Ga mutumin yana matsa mana, ga Baba ba lafiya muna neman kuɗin magani. Wane ne wannan Cooder, kuma yaya za mu yi? Daga wani mai karatu a jihar Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin in ce komai a kan Cooder, ka riƙe wannan: kada kaset ko ɗaya ya fita daga gidan nan, kada kuma Baba ya dangwala yatsa a takardar. To, yanzu sai mu yi magana a tsanake.

An haifi Ry Cooder a Los Angeles a 1947. Tunda a gidan kiɗa ka tashi, ka san yadda ɗaurin tsirkiya ke canza muryar kayan kiɗa. Shi abin da ya yi suna a kai ke nan: yana sake ɗaurin jita yadda tsirkiyoyin za su ba da amo ɗaya ko ba a danne su ba, sai ya zura wuyan kwalba a yatsa yana zame shi a kansu, sautin ya riƙa jan kansa irin na goge. Bayan jita yana kaɗa mandolin da banjo da wasu kayan tsirkiya na ƙasashe daban-daban. Ya fara da ƙungiyar Rising Sons tare da Taj Mahal a tsakiyar shekarun 1960, daga nan ya zama makaɗin haya a ɗakunan ɗaukar sauti. Mandolin ɗinsa ce ake ji a waƙar Love in Vain ta Rolling Stones a 1969. Shi da kansa ya taɓa ƙorafi a jarida cewa mutanen ƙungiyar Rolling Stones ɗin sun kwashi salonsa, don haka ya san zafin a ci guminka.

Fayafayensa na kansa sun fara fitowa a 1970, kuma tun daga na farko aka gane halinsa. Ba ya bin yayi. Tsofaffin waƙoƙin talakawan Amurka yake tonowa, na manoma da leburori da makafin mawaƙan coci, irin su Woody Guthrie da Blind Alfred Reed da Lead Belly, ya sake ɗora su a kan kiɗansa, sunan mai waƙa yana rubuce a bayan faifai. A Boomer's Story na 1972 ma sai ya sa tsoho Sleepy John Estes ya rera da bakinsa. A Chicken Skin Music na 1976 ya haɗa Flaco Jimenez mai akodiyon daga Texas da Gabby Pahinui na tsibirin Hawaii a faifai guda, abin da ba wanda ya yi tunanin zai zauna, ya kuma zauna. A ganina nan ne ƙololuwar aikinsa na wancan zamani. Bop Till You Drop na 1979 ana ambatonsa ne saboda yana cikin fayafayan farko da babban kamfani ya ɗauka da na'urar dijital, amma ni kunnena bai taɓa son kaifin sautinsa ba. Shekarun 1980 ya ƙarar da su yana yi wa finafinai kiɗa, wanda aka fi sani shi ne na Paris, Texas a 1984, da ya gina a kan wani kiɗan Blind Willie Johnson na 1927. A 1992 ya zauna da Vishwa Mohan Bhatt na Indiya suka ɗauki A Meeting by the River, ya fito a 1993, ya ci Grammy.

Sai maganar Ali Farka. Talking Timbuktu an ɗauke shi a Los Angeles a 1993, kamfanin World Circuit na Landan ya fitar da shi a 1994, ya ci Grammy a 1995. Ka nemi hoton bangon faifan ka duba da idonka. Sunan Ali ne a gaba, na Cooder yana biye. Waƙoƙin na Ali ne, da Sonrai da Fulatanci da Bambara da Buzanci, ƙwaryar da kake ji Hamma Sankare ne ke bugawa, mutumin Ali. Cooder shi ne furodusa, kuma yana raka shi da jita da wasu kayan kiɗa, sau da yawa can ƙasa-ƙasa. Lambar ta su biyu ce. Saboda haka abokanka ba su yi gaskiya ba. In akwai abin da zan soki faifan da shi, shi ne an ɗan yi masa kwalliya don kunnen Turawa, kuma na fi son Niafunke na 1999 da aka ɗauka a garin Ali. Kwalliya daban, sata daban.

Amma mutumin da ya zo muku ƙaryarsa ta fi ta abokanka girma, ta kuma fi haɗari, don ita ce nake karo da ita kusan kullum a wannan aiki. Ali bai zauna yana jiran wani ya zo ya fitar da shi ba. An haife shi a 1939, ya girmi Cooder da shekara takwas. A shekarun 1970 yana aiki a Rediyon Mali, kuma tun a lokacin fayafayensa suna fita a Paris. World Circuit ta fara fitar da nasa tun ƙarshen shekarun 1980, The River ya fito a 1990, The Source ya biyo baya, yana zagaya Turai yana wasa. Cooder mai sauraren Ali ne tun kafin su haɗu. Bayan Grammy ɗin kuma Ali komawa ya yi gonarsa ta shinkafa a Niafunke, ya zama magajin garin a 2004, ya sake cin Grammy tare da Toumani Diabate da In the Heart of the Moon, ya rasu a watan Maris na 2006. Ina Baturen da ya tsince shi a kan hanya a nan?

Ka lura, maganar abokanka da ta wannan dillali uwa ɗaya ta haife su. Duka biyun sun ɗauka kiɗanmu ba ya da daraja sai baƙo ya taɓa shi. Ɗaya yana cewa baƙon zai ɗaga ka, ɗaya yana cewa zai sace ka, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi me makaɗin ya mallaka, me kuma takarda ta ce. Wannan tunani shi ke sa iyali su ga kaset ɗin ubansu tarkace ne a akwati, duk wanda ya ce zai karɓa ya yi musu alfarma. Shi ke sa a ce ai waƙar gargajiya ba ta da mai ita. Wa ya ce? Waƙar da Baba ya ƙirƙira da bakinsa, ya yi wa wani basarake ko wani manomi ko wani ɗan dambe, tasa ce a doka kamar yadda gonarsa take tasa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa tsawon rayuwar mai ita da shekara 70 bayan rasuwarsa. Wato abin da ake so Baba ya dangwala wa yatsa yau, gadon jikokinsa ne. Ko waƙoƙin da ya gada daga iyaye, dokar ta ware wa al'adun gargajiya nasu sashe, ba kayan kowa ya ɗiba ba ne.

Kuma haƙƙi biyu ne a cikin kowane kaset, wannan shi ne abin da dillalai ba sa son ku sani. Akwai haƙƙin waƙar kanta, kalmominta da karinta. Akwai haƙƙin ɗaukar da aka yi, wato sautin da ke kan zaren kaset. Ana iya ba da izinin ɗaya a riƙe ɗaya. Ana iya ba da izini na shekara biyar, ko na ƙasa kaza kawai. Takardar da ke cewa an sallama komai, har abada, a duk duniya, da duk wata hanyar yaɗawa da za a ƙirƙiro nan gaba, ita ce irin wadda ake kai wa tsofaffi marasa lafiya, don an san suna cikin matsi. Dokar kuwa ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce, shi ya sa mutumin ya dage a kan yatsan Baba. Ya san darajar takardar sarai. Ku ne yake so ku ɗauke ta ba komai ba.

In kana son ka ga inda irin wannan ke kaiwa, ba sai ka yi nisa da labarin Cooder ba. Faifan Buena Vista Social Club da aka ɗauka a Havana ta ƙasar Kyuba a 1996, asalin shirin shi ne a haɗa makaɗan Mali da na Kyuba, sai Bassekou Kouyate da Djelimady Tounkara ba su samu isowa ba saboda matsalar biza. Nick Gold na World Circuit da Cooder da Juan de Marcos Gonzalez suka ci gaba da tsofaffin Kyuba, irin su Compay Segundo da Ibrahim Ferrer da Ruben Gonzalez. Faifan ya sayar da miliyoyi, gwamnatin Amurka ta ci Cooder tarar dala 25,000 saboda karya takunkumin da ta sa wa Kyuba. A nan ma labarin ya karkace, don Juan de Marcos ne ya san tsofaffin ya tattaro su, amma duniya sunan Cooder ta riƙe. Abin da ya shafe ku shi ne abin da ya biyo baya: da kuɗi suka shigo, sai aka kwashe shekaru ana shari'a a kotun Landan kan wa ya mallaki wasu tsofaffin waƙoƙin Kyuba, saboda takardun da mawaƙan suka sa wa hannu tun shekarun 1930 zuwa 1950 a kan kuɗi ƙalilan. Mafi yawansu sun riga sun mutu. A Afirka ta Kudu Solomon Linda ya ɗauki Mbube a 1939, aka sallame shi da 'yan sulalla, waƙar ta zagaya duniya da wani suna, shi ya rasu a 1962 ba shi da komai. Sai a 2006 'ya'yansa suka samu sulhu. Babu wanda ya fasa musu gida. Hannu aka sa.

Raina yana ɓaci da masu wannan sana'a, ba zan ɓoye ba. Mutum ya haddace sunaye biyu, Cooder da Ali Farka, ya sa babbar riga, ya riƙa bin gidajen tsofaffin makaɗa yana kwashe abin da suka tara shekara arba'in. Wani ma ba kamfanin da ya sani, ɗora waƙoƙin zai yi a YouTube da sunansa ya riƙa karɓar abin da ya shigo, ranar da kai ɗan mai waƙar ka ɗora sai a sauke naka a ce ka yi sata. Cin amanar tsoho marar lafiya da bai iya karanta abin da aka miƙa masa ba, wannan ba wayo ba ne, zalunci ne, kuma Allah ba ya barci. Hukumomin da ya kamata su shiga ƙauyuka su wayar da kan makaɗa su ma suna can manyan birane, bayaninsu da Turanci, mai gurmi bai san da zamansu ba.

Ga abin da za ka yi. Ka ce wa mutumin ya ba ka sunan kamfanin da adireshinsa, kai da kanka ka rubuta musu ka tambaya ko sun san shi. Ka karɓi kwafin takardar ka kai wa lauyan da ku kuka zaɓa, ba wanda shi ya kawo ba, a fassara wa Baba ita da Hausa layi-layi a gaban shaidu. A duba shekara nawa, kashi nawa cikin ɗari, wa zai riƙa kawo lissafi, kuma sunan wa za a rubuta a kan waƙa. In ya ce ba lokaci, ko ya hana ka tafiya da takardar, ka sami amsarka. Kamfanin kirki ba ya tsoron lauya, ba ya kuma buƙatar kaset na asali don ya saurara, waƙa biyu ko uku a waya sun ishe shi.

Ka zauna da Baba tun yana da ƙarfin magana, ka ɗauki muryarsa yana faɗin kowace waƙa: wadda ya ƙirƙira, wadda ya gada, wa aka yi wa, wace shekara, su wa ke amshi, kuma wa ya ɗauki kaset ɗin. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don in gidan rediyo ne ko wani kamfani ya ɗauka, yana iya zama suna da haƙƙi a kan ɗaukar ko da waƙar ta Baba ce. Ka sa a juye kaset ɗin zuwa kwamfuta kana tsaye a wurin, ka dawo da kayanka a ranar, ka ajiye su nesa da rana da damshi da lasifika. Sannan ka je ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya a yi wa waƙoƙin rajista, ka nemi bayanin shiga ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, irin MCSN. 'Yan'uwanmu na Nijar su nufi BNDA, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasarsu. Kuɗin maganin Baba kuwa, ku fara neman su wajen dangi da iyayen gidan da ya yi wa waƙa a zamaninsa, ko 'ya'yansu.