Suga ya hau bayan an fara kemo: tambayoyinku da amsoshin likita

Likita, mahaifiyata tana da shekara 58, ana yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, saboda sankarar mama. Ba ta taɓa ciwon suga ba. Bayan zuwa na biyu sai ƙishirwa ta dame ta, ga yawan fitsari da dare, gani kuma ya yi hazo. Mun auna a kemis da yamma, 280. Washegari da safe kafin ta karya aka auna a asibiti, 110. Wanne za mu ɗauka? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Duka gwajin biyu gaskiya suka faɗa. Ki duba takardar magungunanta, da wuya ki rasa dexamethasone ko prednisolone a ciki. Ana haɗa su da kemo don su tare amai, su kuma hana jiki yin bore ga allurai irin su paclitaxel da docetaxel. Amma suna sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda ya kamata, hanta kuma ta riƙa zubo suga cikin jini. Hawan nan ya fi bayyana bayan abincin rana zuwa dare, kafin asuba ya ɗan sauka. Shi ya sa gwajin safe yakan yaudari mutane, har mu likitoci idan ba mu lura ba.

Ku samu na'urar gwaji a gida. Ranar kemo da kwana uku ko huɗu bayanta, a auna awa biyu bayan abincin rana da kuma kafin na dare, a rubuta a littafi a kai wa likitanta. Idan ya wuce 200 fiye da sau ɗaya, a sanar da su. Idan ya tsaya sama da 270, a kira su a ranar. Idan ya kai 360, ko ya haɗu da amai, yawan barci ko ruɗewa, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Kada ku raina shi don na ɗan lokaci ne. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura. Suga mai yawa kuma yana kashe wa ragowar sojojin gwiwa. Daga nan sai farin baki, gyambon baki, cutar mafitsara, da rauni mai ƙin warkewa. Zafin jiki ya kai 38, a tafi asibiti, kada a tsaya cewa zazzaɓin sauro ne a sha magani a kwanta.

Kada ku dakatar da dexamethasone ko prednisolone ɗin da kanku. Likita ne zai rage shi, ko ya ƙara mata ƙwaya ko insulin na waɗannan kwanakin. Da yawa suga yakan koma daidai bayan an gama, amma a sake aunawa bayan 'yan watanni, domin wani lokaci ciwon dama yana ɓoye.

Shekarata goma da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide. Yanzu ana yi mini kemo na sankarar hanji. Tafin ƙafata da yatsuna suna tsira kamar allura, idan na taɓa ruwan sanyi kamar lantarki ya ja ni. Suga ne ko kemo? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Malam, jan da kake ji idan ka taɓa sanyi alama ce ta oxaliplatin, ɗaya daga cikin magungunan da aka fi ba masu sankarar hanji. Sai dai shekara goma na suga sun riga sun taɓa jijiyoyin, kemo ya zo ya tarar da katanga mai tsaga. Ka faɗa wa likitanka kafin zuwa na gaba, kada ka ɓoye don tsoron a dakatar da magani. Ana iya rage adadinsa, kuma idan aka yi jinkiri mutuwar jijiyar takan zauna. Ka guji ƙanƙara kwanakin farko, ka duba tafin ƙafarka kullum, ban da yawo ba takalmi.

Abin da ya fi damuna ma ƙwayoyinka ne. Ranar da amai ko gudawa suka hana ka ci da sha, metformin na iya zama haɗari idan ruwan jiki ya ƙare ƙoda ta gaji, glibenclamide kuma zai iya faɗar da suga ƙasa da 70. Ka nemi likita ya rubuta maka abin da za ka yi a irin wannan rana. A takardunku na Nijar 200 ɗin (mg/dL) da na ambata a amsar farko shi ne 2 g/L.

An ce suga ne abincin sankara. Mun hana Baba tuwo da shinkafa, muna ba shi ruwan shuwaka da garahuni. Ya rame sosai. Daga Gusau.

Ku mayar masa da tuwonsa yau ɗin nan. Ƙwayoyin sankara suna cin suga, haka ma ƙwaƙwalwa da tsoka, kuma ko an hana shi abinci hanta za ta narkar da naman jikinsa ta yi suga. Ramar nan ita za ta sa a ɗage masa kemo. Abin da za a rage shi ne lemon kwalba, zuma, da sukarin da ake zambaɗawa a shayi, kunu da zoɓo. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, da wake, ƙwai, kifi da dafaffen ganye. Jiƙe-jiƙen kuwa a ajiye su, ba mu san yadda za su yi da kemo a hanta ba.

An yi mini gwajin HbA1c ya fito lafiya, amma na'urar gida tana nuna sama da 200. Na'urar ce ta lalace?

Ba lallai ba. Wannan gwaji yana nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, don haka hawan kwana huɗu yana iya ɓacewa a ciki. Idan kuma an yi maka ƙarin jini kwanan nan, yakan fito ƙasa da gaskiya. Ka kai na'urar asibiti a auna da ita da tasu a lokaci ɗaya, ka kuma wanke hannu kafin huda yatsa, musamman idan ka taɓa dabino ko mangwaro.