Minsharin maigida: in sayi na'ura a Haraj ko in dakata?

Salam Anti. Ni a Misfala nake nan Makka, maigidana direba ne yana jigilar masu umara zuwa Madina. Minsharinsa har makwabta sun haddace, amma abinda ke tsorata ni yana cikin yi sai ya yi tsit kamar an kashe rediyo, can sai ya zabura yana kakari kamar an shake shi. Da safe ciwon kai, da rana gyangyadi. Na ga na'urar CPAP, mai taimakon numfashi cikin barci, ta hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, da araha, a saidaliyya, wato kantin magani, kuma akwai filastar hanci da feshi. Wanne zan saya?

Wa alaikis salam Hajiya. Ko daya dai tukuna, ki rike riyal dinki.

Wannan tsit din da kika ji shine maganar, ba karar ba. Idan mutum ya yi barci naman makogwaro da harshe sukan saki, ga wasu har su toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya sakan 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, kwakwalwa ta tsorata ta dan farkar da shi ya ja iska ya koma, shi bai ma san an yi ba, da safe ki fada masa ya ce ke dai kin cika sa ido. Likitoci kirgawa suke sau nawa hakan ke faruwa a awa daya: 5 zuwa 14 mai sauki ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 kuwa ya yi tsanani. Wannan ciwon yana tafiya da hawan jini, ciwon suga da shanyewar barin jiki, kuma ya fi kama masu kiba da kaurin wuya. To balle naki direba, hanyar Madina sama da kilomita 400 ce, mikakkiya sambal, ga rayukan bayin Allah a bayansa. Wallahi wannan ya fi damuna akan minsharin.

Filasta da feshi hanci suke budewa, toshewar kuma can kasa take a makogwaro, kinga asarar kudi kenan. Maganin barci kuwa kada ya kusance shi, kara sakar da naman yake.

CPAP din ita ce maganin da aka fi dogara da shi, wani likitan Ostireliya Colin Sullivan ya fito da ita a 1981, iska take hurawa ta abin rufe hanci don hanya ta zauna a bude. Amma karfin iskar ba daya ba ne ga kowa, gwajin barci ne ke nunawa. Ki ce wa 'yan asibiti dirasatun naum za su gane, ko ya kwana a asibiti an makala masa wayoyi, ko a ba shi karamar na'ura ya kwana da ita a gida. Asibitin jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda yana da cibiyar barci. In yana da tamin, wato inshorar lafiya, ku fara tambayarsu me za su biya.

Ta hannu kuma ki yi hattara, a 2021 kamfanin Philips ya janye wasu na'urorinsa saboda soson da ke ciki yana rugurgujewa mutum ya shaka, zafi da danshi na kara lalata shi, ke kuma kin san zafin Makka. In dole sai ta hannu, a duba lambarta, a nunawa likita, abin rufe hanci da mesa kuwa sababbi dal.

Kafin nan ki rika juya shi ya kwanta ta gefe, a rage kabsa da mandi na karfe dayan dare, in barci ya fara fizgarsa a hanya ya tsaya a mahadda, wato gidan mai ko wurin hutawa.

Wani bawan Allah daga Karantina a Jidda yana tambaya ko zai iya zuba zamzam a tankin ruwan na'urarsa ta CPAP don albarka. Malam sha za ka yi, ka yi addu'a. Tankin ruwa mukaddar yake so, wanda aka tace ta tururi, ana samu a saidaliyya. Zamzam da na famfo duk suna da ma'adinai, farin dattin nan zai kame a gindin tankin kamar na tsohuwar butar shayi.