Amsa: Adadin masu ciwon suga da ya canza a 2015

Malam, tambayarka kan dalilin da ya sa adadin masu ciwon suga ya sauya kwatsam a bayanan asibitocin Amurka a ƙarshen 2015, wallahi ba cutar ce ta canza ba, lambobin da ake rubuta cututtuka da su ne. Ranar 1 ga Oktoba 2015 suka bar tsohon tsarin lambobin, ICD-9, suka koma sabon, ICD-10, suga da ake rubutawa 250 ya koma E10 da E11 da sauransu, to in kwamfutarka 250 kawai take nema ai dole ka ga kamar marasa lafiya sun ɓace. Haɗa lambobin tsohon tsarin da na sabon, ka zana adadin wata-wata ka duba wajen Oktoba ɗin. Kuma ka rubuta ranar da ka sauke bayanan, don ana yi musu gyara.