Me ya sa gadojin Jihar Neja suke karyewa da damina, kuma wane gyara suke buƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kaya daga Arewa zuwa Kudu ta hanyar Mokwa da Jebba. Kusan kowace damina sai mun ji an ce gada ta karye a Jihar Neja, mu kwana a hanya, kaya su lalace. Wasu suna cewa tsufa ne, wasu suna cewa ha'incin 'yan kwangila ne, wasu kuma mu direbobi suke ɗora wa laifin saboda nauyin lodi. Mene ne gaskiyar magana, ta yaya mutum zai gane gadar da ta kusa faɗuwa, kuma gyaran alhakin wane ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare hanya. Duk abubuwa ukun da ka ambata suna da hannu a lalacewar gadojinmu, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya kai ruwa ɓarna, kuma ɓarnar ruwa daga ƙasa take farawa, inda mai wucewa a mota ba ya gani. Ba a Najeriya kaɗai haka take ba, domin ko a Amurka, inda aka daɗe ana tattara bayanan gadojin da suka rushe, kusan rabinsu ko fiye ambaliya ce da zaizayar gindin ginshiƙi suka kayar da su.

Jihar Neja ta fi kowace jiha a ƙasar nan faɗin ƙasa, wajen murabba'in kilomita 76,000, kuma Kogin Kwara da Kogin Kaduna da rassansu masu yawa sun ratsa ta. A cikinta madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru suke, ga kuma na Jebba a kan iyakarta da Jihar Kwara, waɗanda idan suka cika da damina dole a saki ruwa ya bi ƙasa. A kan irin wannan ƙasa ce babbar hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu maso Yamma ta bi, shi ya sa karyewar gada ɗaya a nan take zama matsalar ƙasa baki ɗaya. An ga haka a watan Yuni na 2017, lokacin da ruwan sama ya cinye gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba, har mukaddashin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya je wurin da kansa. An sake gani a ambaliyar Mokwa ta ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta halaka mutane fiye da 150, ta rushe gidaje, ta tafi da hanyoyi da gadoji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ga yadda ruwa yake kayar da gada. Ginshiƙin da aka kafa a tsakiyar rafi yana tare wa ruwa hanya, sai ruwan ya matse ya ƙara gudu, ya riƙa juyawa a gindin ginshiƙin yana kwashe yashi da tsakuwa, har rami ya samu kewaye da harsashin. Abin da ya sa wannan cuta take da wuyar ganewa shi ne, ramin yana kai iyakar zurfinsa ne a lokacin da ruwa ya cika ya yi jawur, lokacin da babu mai iya leƙawa, kuma da zarar ruwan ya fara janyewa sai sabon yashi mai laushi ya cike shi. Idan aka zo da rani sai a ga ƙasa a shafe kamar babu abin da ya faru, alhali yashin da ya cike ramin ba ya riƙe komai. Gadar da aka kafa ginshiƙanta a kan dogayen turakun kankare da suka nutse can cikin ƙasa mai tauri tana iya jure wannan shekara da shekaru, amma wadda harsashinta bai yi zurfi ba, kamar yawancin ƙananan gadojin da aka gina shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta karkatar da ita.

Sannan da yawa daga cikin wuraren da ake cewa gada ta karye, idan ka je ka duba za ka tarar kankaren yana nan tsaye, cikon ƙasar da ya haɗa gadar da kwalta ne ruwa ya yanke. Wasu wuraren kuma kwalbati ne, wani lokaci ma irin tsohon bututun ƙarfe mai lanƙwasa da aka binne a ƙarƙashin hanya, wanda gindinsa ya yi tsatsa ya huje. Idan yashi da itatuwa da leda suka toshe bakin kwalbati, cikon hanyar sai ya koma madatsar ruwa, alhali ba don haka aka yi shi ba. Ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya jiƙa ƙasar, ya haura kwalta, cikin sa'o'i kaɗan ya yanka hanya gida biyu. Yawancin waɗannan kwalbatoci an auna girmansu ne a zamanin da daji ya rufe gangaren da ke samansu. Yau an sare itatuwa an yi gawayi, an yi gonaki da gidaje, ruwan da ƙasa take shanyewa a da yanzu gangarowa yake yi gaba ɗaya a lokaci guda. Saboda haka mayar da kwalbati daidai girman wanda ya tafi, kamar yadda ake yawan yi a aikin gaggawa, sayen lokaci ne kawai.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muke yi wa gadoji, wato haƙar yashi. Tifa tana son wurin da za ta sauka rafi cikin sauƙi, kuma wurin nan kusan kullum gefen gada ne. Duk ramin da aka haƙa a ƙasan gada, rafin zai cike shi da yashin da ya kwaso daga sama, har da wanda yake riƙe da ginshiƙai. A ganina hana haƙar yashi kusa da gada shi ne gyara mafi araha da kowace ƙaramar hukuma da kowane hakimi za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba.

Game da nauyin lodi, ba zan ɓoye maka ba, Malam, akwai gaskiya a zargin. Ƙa'idar ƙungiyar ECOWAS ta kayyade tan 11.5 a kan gatari ɗaya mai jan mota, wato ƙarfen da tayoyi suke jikinsa, kuma kai ka fi ni sanin yadda ake lodin siminti da hatsi da mai. Tun gwajin hanyoyi da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 injiniyoyi suka gano cewa idan aka ninka nauyin gatari sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Ita gada ba kasafai lodi yake karya ta nan take ba, gajiyar da ita yake yi a hankali, yana buɗe tsagar kankare yana murƙushe mazaunin robar da shimfiɗar gadar take kai. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne cunkoso, lokacin da tireloli da tankoki suka jeru a kan gada bamba da bamba suka kashe inji suka kwana. Haka kuma idan babbar hanya ta yanke, manyan motoci sukan karkata zuwa hanyoyin jiha da gadojinsu ba a gina su don irin wannan nauyi ba, kuma wannan ne ya sa gwamnatin tsohon gwamnan jihar, Abubakar Sani Bello, ta rufe hanyar Minna zuwa Bida ga manyan motoci a shekarar 2020. Amma laifin bai tsaya kan direba ba, tunda mai kaya ne yake matsa lodi, kuma ma'aunin nauyi da ya kamata ya riƙa aiki a manyan hanyoyi ba ya aiki yadda ya kamata.

Tsufa shi kaɗai ba ya kayar da gadar da ake kula da ita. Abin da yake faruwa shi ne ruwan sama yana kwanciya a kan shimfiɗa saboda ƙasa ta toshe ramukan da aka bari don ya zube, sai ya bi ta mahaɗar da ke tsakanin ɓangarorin gada ya sauka kan bim, wato dogayen kankaren da ke ɗauke da shimfiɗar, da kan ginshiƙi. Idan ya kai ga rodi sai rodin ya yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta fi ƙarfen asali girma sau da yawa, sai ta fasa kankaren daga ciki ya riƙa ɓarewa yana zubowa. Ita mahaɗar an bar ta ne domin gada tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi. Ɓangare mai tsawon mita 30 yana iya motsawa kusan santimita ɗaya tsakanin sanyin hunturu da zafin bazara. Idan tsakuwa ta cike wurin, ko mai facin hanya ya shafe shi da kwalta, ƙarfin motsin sai ya koma kan kankare ya tsaga shi.

Alamun da direba zai iya gani da idonsa ba su da wuya. Idan mota tana dukan wani tudu ko tana faɗawa kwari a daidai inda kwalta ta haɗu da gada, cikon ƙasar yana zaunawa ne ko ruwa yana cinsa ta ƙasa. Idan ka hango makarin gefen gada ya lanƙwashe ƙasa a wuri ɗaya maimakon ya tafi a miƙe, wataƙila ginshiƙin da ke ƙarƙashin wurin ya nutse, kuma wannan alama ce ta haɗari na kusa. Da rani, idan ka sami wurin tsayawa nesa da gadar, ka sauka ka duba ƙarƙashinta: rodi a fili, jan ruwan tsatsa a jikin bim, harsashi ko turakun da ya kamata su kasance a binne amma sun fito sarari, da tarin itatuwa da suka maƙale a jikin ginshiƙi. Tsagar da ta kai a zura mata kan makulli ta wuce abin da za a yi shiru a kai. Idan kuwa ruwa ya haura kan gada, kada ka shiga ko da na gabanka ya wuce, domin ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 yana iya ɗaukar ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana iya tafiya da wadda ta fi ta, kuma ba ka da hanyar sanin ko kwaltar da ke ƙarƙashinsa tana nan.

Gyaran da gadojin jihar suke buƙata ya kamata ya fara da rajista: kowace gada da kowane babban kwalbati, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, a rubuta inda yake, shekarar da aka gina shi, irin harsashinsa da halin da yake ciki, a kuma ba shi maki. Amurka ta kafa irin wannan tsari a 1971, bayan wata gada a kan Kogin Ohio ta rufta a Disambar 1967 ta kashe mutum 46, kuma tun daga nan ake duba yawancin gadojinta aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. A wurinmu na fi son a duba masu haɗari sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta, a riƙa auna zurfin rafi a gindin kowane ginshiƙi ana kwatantawa da na bara. Daga nan sai aikin rani: yashe kwalbatoci, buɗe ramukan zubar ruwa, jibge manyan duwatsu ko kwandunan waya cike da dutse a gindin ginshiƙai da bakin ciko, goge tsatsar rodi a rufe shi, da sauya mahaɗa da mazaunin roba da suka mutu. Kuɗin wannan duka bai kama ƙafar kuɗin sake gina gada ɗaya ba, amma shi ne ake fara yankewa a kasafi, saboda babu bikin yanke kyalle a yashe kwalbati. Wuraren da ruwa ya riga ya nuna ya fi ƙarfinsu kuwa, sai an sake auna yawan ruwan da ke bi ta wurin a yau, a gina mai faɗin da zai ɗauki ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 50 ko 100.

Alhakin gyara yana bin mai hanya. Hanyar Mokwa zuwa Jebba da ta Lambata zuwa Bida na Gwamnatin Tarayya ne, don haka Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, wadda take da kwanturola a Minna, da hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta FERMA da aka kafa a 2002 su ne masu alhaki. Hanyoyin jiha suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka ta jiha da hukumarta ta gyaran hanyoyi, na karkara kuma ƙananan hukumomi. Idan ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan garin da ya fi kusa da ranar da ka gani, ka miƙa wa shugabannin ƙungiyarku ta direbobi su kai a rubuce ga ofishin da abin ya shafa, a kuma sanar da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC da ke wannan hanya, domin su ne za su iya tsayar da motoci ko rage lodin da ke hawa gadar kafin injiniyoyi su iso.