Amsar Gwaggo kan taron cikar Yaya shekara 40

Wa alaikumussalam ɗiyata, na ga saƙonki. Kin ce Yayarku zata cika shekara 40 wata mai zuwa, ku ƙannenta kuna so ku tara 'yan uwa ku yi mata safurais, shine kike tambaya ko ya dace ƙanne su kira taro irin wannan, da kuma maganar da wasu a gurup ɗinku suke yi wai ai al'adar Turawa ce. Toh ki nutsu ki karanta, maganar da ɗan tsawo.

Kek da kyandir ɗin nan da ake hurawa kam aro ne, daga Jamus abin ya yaɗu, kuma asali yara ake yi wa. Amma riƙe wata shekara a ce ta fi sauran nauyi, wannan kusan kowace al'umma tana da nata. Mutanen Japan da Koriya 60 suke girmamawa, saboda lissafin kalandarsu yana zagayowa ne duk shekara 60, a Japan ma har jan kaya suke sa wa mai shekarun wai ya koma jariri. A Ingila kuwa wanda ya kai 100 daga fadar sarki ake aiko masa da gaisuwa. Mu kuma 40 ɗin nan ba sai mun je aro ba, a shekara 40 aka fara yi wa Annabi (SAW) wahayi, kuma ki buɗe Suratul Ahƙaf aya ta 15 ki gani, an ambaci shekara arba'in ƙarara, har da addu'ar da mutum zai yi idan ya kai, ya roƙi Allah Ya ba shi ikon gode wa ni'imar da Ya yi masa da iyayensa, Ya shirya masa zuri'a. Ke in ma da lissafin Hijira za a bi, Yayarku ta haura 41, tunda shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, amma kar ki gaya mata.

Shi bikin zagayowar ranar haihuwa kansa malamai sun saɓa, akwai masu hanawa akwai masu cewa al'ada ce kawai in ba a haɗa da saɓo ba. Don haka kar ku mayar da gurup filin muhawara, wanda zuciyarsa bata kwanta ba a ƙyale shi, ba gaba ba habaici. Abin dubawa shine ita mai ranar wane ɓangare take, shi yasa ma safurais ɗin nan naku bai kwanta min ba. Mace mai miji da yara, ku kwaso mutane ku faɗo mata gida ba sanarwa, ku same ta da zanin aiki ana ɗaukarta a waya, gobe ta ga kanta a status ɗin kowa? Haba. Kun santa da kunya, murmushi zata yi muku amma ranta ba zai so ba. Ku tambaye ta, ku nemi izinin mijinta, in kuna son ɓoye wani abu ku ɓoye kyautar.

Ƙanne su kira taro ba laifi, babbar ya ai uwa ce, ita ta goya ki, ita take tsefe miki kai kina ihu kamar ana yanka ki. Sai dai maganar ta fara biyowa ta wajen Mamanku, a ji daga bakinta. Kuma nan ne nake so ki tsaya da kyau. Ayar nan da na ce ki duba, kafin ta zo kan shekara 40 sai da ta fara da uwa, wahalar ciki da wahalar haihuwa, ciki da yaye wata 30. Yayarku bata san komai ba a ranar da aka haife ta, Mamanku ce ta sha naƙuda, ni ina bakin ƙofa ina jin ta, haihuwar fari ce kuma ta daɗe a kan gwiwa. Yanzu sai ka ga an yi taro an ƙawata waje, an ajiye tsohuwa can gefe da jikoki ana ta hoto ba ita. Ku zaunar da ita kusa da 'yarta, duk abin da kuka saya wa Yaya ku haɗa da nata ko turmi ɗaya ne, a fara yi wa marigayi babanku addu'a sannan a shiga sauran.

Kuɗi kuma kar ku yanka wa kowa adadi, kowa ya kawo daidai ƙarfinsa ta hannun mutum ɗaya, kar a jera sunaye a gurup ana wane ya biya wane bai biya ba, autanku ko aiki bai samu ba tukuna. 'Yan ɗakin amaryar babanku ku kira su ɗaya bayan ɗaya a waya, ba ku tura saƙo ku ce ai sun gani ba, su ma Yayarsu ce. Waɗanda ke nesa a haɗa su ta bidiyo kol.

In kun tsayar da rana ki sanar dani da wuri don ƙafar nan sai na lallaɓa ta, kuma a samo min kujera mai majingina. Ki gaida Mamanku da yaran.