Ƙara kaɗan ke firgita 'yar riƙona: iska ce ko shagwaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina riƙon 'yar yayata mai shekara 14. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, ta zauna hannun matar uba inda ta sha duka da zagi, sai da ta kai shekara tara na ɗauko ta. Har yau da an tada janareto ko injin markaɗe sai ta toshe kunne. In aka dafa ta ta baya sai ta zabura, gidan biki kuwa ko da jan hannu ba ta zama. Wasu na cewa iska ce, wasu shagwaɓa. Kwanan nan ta rage cin abinci, ta daina son zuwa Islamiyya. Me ke damunta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alherin wannan riƙo. Ban ga yarinyar ba, don haka ba zan yanke hukunci kan ciwonta daga nesa ba. Amma abin da kika zayyana sananne ne a wurinmu, kuma ba shagwaɓa ba ce.

Yaron da ya tashi a gidan da bai san lokacin da mari zai sauka ba, jikinsa yakan koyi zama cikin shiri. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, aikinsa hango haɗari. Da ya ga alama sai zuciya ta hau bugu, jiki ya saki sinadaran tashin hankali irin su kotizol. A 2011 Eamon McCrory da abokan aikinsa a jami'ar UCL ta Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran da suka tashi cikin duka a gida, suka ga wannan sashe ya fi na sauran yara motsawa idan an nuna musu fuskar mai fushi. A gidan matar uba wannan shirin shi ya taimaka mata, ta san takun da ke zuwa da bulala. Matsalar ita ce jiki bai samu labarin cewa an bar gidan ba, tamkar maigadin da aka taɓa yi wa fashi, ko mage ta motsa sai ya busa usur.

Wataƙila kuma akwai wani abu tun haihuwa. A 1997 Elaine Aron da Arthur Aron sun bayyana wata ɗabi'a ta kaifin ji, wadda aka ƙiyasta tana tare da kusan mutum ɗaya cikin biyar. Ƙara, wari, haske da ƙaiƙayin tufafi sun fi shigarsu, haka ma yanayin fuskar mutane. Wannan ba cuta ba ce. Sai dai idan irin wannan yaro ya faɗa mugun hannu, raunin ya fi yi masa zurfi.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Bincike ya nuna masu kaifin jin nan sun fi kowa amfana idan suka samu kulawa. A 2015 Michael Pluess da Ilona Boniwell sun bibiyi 'yan mata 'yan makaranta a Ingila da aka koya wa dabarun jure damuwa, kuma masu kaifin ji ne alamun baƙin ciki suka ragu a wurinsu sosai. Wato zamanta a hannunki yana aiki a jikinta, ko da idonki bai gani ba tukuna.

Ƙin abinci da janye jiki daga Islamiyya su suka fi tsaya mini a rai. Babban binciken da aka yi a Amurka tsakanin 1995 da 1997 kan manya fiye da 17,000 ya gano cewa duk yadda wahalhalun ƙuruciya suka ƙaru, haɗarin ciwon damuwa yana ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Don haka ki kai ta asibiti cikin makonnin nan, a duba kunnenta da jininta, a tantance ko akwai ciwon damuwa, ko firgicin bayan azaba, ko galahanga, wato abin da ake kira autism a Turance. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, da asibitocin tarayya na musamman a Kaduna, Kware da Maiduguri. Addu'a da karatu ba su hana wannan. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne duk wani magani da ya ƙunshi duka, ɗauri, turnuƙe ta da hayaƙi ko tsawa a kunne, domin ainihin abin da ya raunata ta ne ake maimaitawa.

A gida, ki sanar da ita kafin a tada injin, ki bar ta ta shige ɗakin da ya fi nisa. Ki hana yara dafa ta ta baya, a kira sunanta tukuna. In za ku biki, ku yi yarjejeniya tun daga gida cewa da ta gaji za ta taɓa hannunki ku fito, ba tare da kin tsare ta da tambaya ba. Lokacin barci da na abinci su tsaya wuri guda. Ki je ki ga malaminta na Islamiyya, domin mai yiwuwa bulala ko hayaniyar aji ce ta kore ta.

Sannan wata rana kuna ku biyu, kina mata kitso ko kuna tsintar shinkafa, ki tambaye ta kai tsaye cikin taushin murya ko ta taɓa jin gara ta mutu. Tambayar ba ta cusa wa yaro wannan tunani. In ta ce e, ko kika ga tana yi wa kanta rauni, ki kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunta zai kai, ku tafi asibiti a ranar.